Rola mai araha ko mai tsada: wacce ta dace da fentin kabad ɗin kicin?

Tambaya: Ina shirin sake wa kabad ɗin kicin ɗina fenti da kaina. Da na je sayen rola sai na tarar akwai masu araha da ake haɗa su da yawa a leda ɗaya, akwai kuma waɗanda guda ɗaya tal ta kusa kuɗin ledar gaba ɗaya. A ido duk kusan ɗaya suke. Shin akwai bambancin da ya kai in ƙara kuɗi, ko suna kawai ake sayarwa? Fentin ruwa na saya, fari, mai ɗan sheƙi.

Amsa: Akwai bambanci, 'yar'uwa, kuma da wuya a sami inda yake fitowa fili kamar a jikin ƙofar kabad. Sai dai ba duk aikin ne ke buƙatar mai tsada ba, ba kuma kowace mai tsada ce ta dace da kabad ba. Shawarata ita ce ki sayi masu kyau guda biyu ko uku, ki ware su don shafi biyun ƙarshe na fuskar ƙofofi da durowoyi, ki bar masu arahar su yi miki shafin farko da cikin kabad inda kaya za su rufe. Kafin ma ki kalli kuɗin, ki fara duba tsawon gashin rolar da abin da aka yi ta da shi, don a nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe.

Kabad ba bango ba ne. Bango ana yi masa fenti marar sheƙi, daga nesa ake kallonsa, kuma dama can fuskarsa ba sumul take ba, duk ɗan tabon da rola ta bari sai ya ɓace a cikin ƙurajen filasta. Ƙofar kabad kuwa sumul take, fentin da ake yi mata mai sheƙi ne don ya jure wanki, tana daidai ido, hasken taga yana kwanciya a kanta ta gefe, hannu kuma ba ya rabuwa da ita. Sheƙi ba ya rufa asiri. Gashi ɗaya da ya fita daga rola ya bushe a cikin fenti, kullum kika zo buɗe ƙofar sai yatsanki ya same shi. Farin da kika zaɓa yana ɗan ɓoye ƙuraje fiye da launi mai duhu, amma gashi mai launi, irin ruwan ɗorawa ko shuɗin da ake yi wa wasu rololin bango, a kan fari ya fi tona kansa.

To me ake saye da ƙarin kuɗin? Rola kashi biyu ce, ƙarfen da ake riƙewa da rigar da ake zura masa, kuma a kan rigar maganarmu take. Bututu ne aka naɗe shi da yadi mai gashi, ko kuma da soso. Yadin iri biyu ne. Akwai wanda aka yi masa saƙar masaƙa, zare ya ratsa zare, kowane gashi a ɗaure yake tun daga gindinsa. Akwai kuma wanda aka yi masa saƙa mai idanu irin ta rigar sanyi, aka cusa gashin a cikin idanun. Na biyun ya fi shan fenti, ya fi saurin rufe babban bango, yin sa kuma ya fi sauƙi, shi ya sa shi ne ya cika ledojin araha. Illarsa ita ce gashin ba shi da riƙo sosai, da fenti mai danƙo ya kama shi sai ya biyo. Na farkon ba ya ɗaukar fenti da yawa, amma yana sauke shi lafiya lau, kuma da ƙyar yake zubar da gashi. Idan kika ga an rubuta a jikin leda cewa rolar ba ta zubar da gashi, galibi irin wannan saƙar ake nufi.

Sai bututun ciki, wanda ba wanda ke kulawa da shi sai ya ba da matsala. A masu araha sau da yawa kwali ne aka manna masa yadin da gam. Kwali da fentin ruwa ba sa shiri. Bayan ɗan lokaci ya jiƙe, ya kumbura, ya daina zama daidai a kan ƙarfen, rolar ta riƙa zamewa gefe kina mayar da ita da yatsa. Masu kyau bututun roba ne da su, ko kwalin da aka cika shi da sinadarin da ke hana ruwa shiga, wasu ma da zafi ake haɗa yadin da robar ba da gam ba. Yadin nan kuma a karkace ake naɗa shi, yana da magama. Idan magamar ba ta haɗu da kyau ba, za ki ga wani siririn layi a karkace yana maimaita kansa a jikin ƙofar, duk zagaye ɗaya layi ɗaya. Mutum zai yi ta zargin hannunsa, alhali laifin rola ne. Bakunan rigar su ma abin dubawa ne. A mai kyau an aske su a karkace ko an zagaye su, yadda fenti ba zai taru a gefe ya ja layi biyu a bayanta ba. A mai araha kuwa datse su kawai ake yi.

Duk wannan kina iya gane shi tun a wurin saye. Ki matsa bututun da yatsu biyu, idan ya lotsa cikin sauƙi ki ajiye. Ki bi magamar da ɗan yatsa ki ji ko akwai tudu ko rami. Idan ledar a buɗe take, ki ɗan goga rigar a jikin yadi mai duhu ki ga abin da za ta bari. A gida kuma ki naɗe ta da salatif ɗin takarda, ki danna, ki ware, ki ɗaga salatif ɗin a haske. A mai kyau za ki ga 'yan tsirarun gashi a karon farko, a karo na biyu babu komai. A marar kyau salatif ɗin zai fito butu-butu, ki sake, ya sake fitowa haka, don ba ragowar aski take zubarwa ba, jikinta ne ke warwarewa. Irin wannan ko sau nawa kika yi mata salatif ba za ta shiryu ba.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a kan fuskar kabad maganar ta zauna daram. Amma ki sani tsada kaɗai ma ba ta yi. Rolar bango mafi tsada a shago, mai gashin milimita 13 ko 18, za ta ɓata miki ƙofa fiye da mai araha mai gajeren gashi. Dogon gashi an yi shi ne don ya kwashi fenti da yawa ya cusa shi a ramukan bango. A kan katako mai santsi ba shi da ramin da zai cika, sai ya bar fentin a tsaitsaye, ya bushe da ƙuraje kamar bawon lemo. Don kabad ki nemi gashin milimita 4 zuwa 6, wato kwata ɗin inci ko ƙasa da haka. Milimita 10 ita ce ta bango mai laushi, kuma ita ce iyakar da ba zan bari ki wuce ba ko da a gefen kabad ne. Faɗinta kuma ya kasance inci 4, wato milimita 100. Babbar rola mai inci 9 ba ta shiga lungunan ƙofa, tana da nauyi, kuma tana sauke fentin da ya fi ƙarfin wurin.

Yanzu ga soso, wanda shi ne kusan kowa ke miƙa wa mai fentin kabad. Hujjar mai ƙarfi ce, soso ba shi da gashi, don haka ba abin da zai zubar, kuma yana shimfiɗa fenti siriri. Da fentin mai, wanda ke daɗewa bai bushe ba, soso yana aiki mai kyau ƙwarai. Da fentin ruwa irin naki kuwa akwai abin lura. Soso cike yake da 'yan ramuka masu iska. Duk sanda kika danna shi, iskar tana fita ta cikin fentin ta zama kumfa. Fentin mai yana da lokacin da kumfar za ta fashe wurin ya rufe. Fentin ruwa yakan fara kamewa kafin nan, sai kumfar ta bushe yadda take, ko ta fashe a makare ta bar 'yan ramuka kamar an tsira allura. A nan ne bambancin kuɗi ya fi girma a duk cikin rololi. Soso mai araha manyan idanu gare shi, ga laushi, yana shan fenti ya kumbura, idan kika danna ya tsiyayo ta gefe, bayan ƙofa kaɗan ya fara saɓulewa daga bututunsa ko ya gutsure. Mai kyau idanunsa ƙanana ne har ba kya ganin su, yana da tauri, idan kika matsa shi nan take yake komawa yadda yake, bakinsa kuma a zagaye. Idan soso za ki ɗauka, to wannan ne, kuma da sharaɗin hannunki ya yi sauƙi, ba danna ba gudu. Ni dai ba na ɗora sabon hannu a kan soso da fentin ruwa, saboda wanda bai saba ba dannawa yake yi da zarar ya ga fentin ya fara ƙarewa.

Abin da na fi so ki nema shi ne ɗaya daga cikin uku. Na farko mai gashin maikurofaiba, wato zaren roba da ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba. Yana riƙe fenti da kyau, yana sakin sa a hankali, ba ya fantsama, kuma yana yafe wa mai koyo kurakurai da yawa. Gajeren nasa na milimita 5 ko 6 yana barin ɗan alamar da fenti mai kyau ke shafewa da kansa yayin bushewa. Na biyu moha, gashin akuyar Angora, wadda asalinta ƙasar Turkiyya ce ko da yake yanzu Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen samar da gashin. A rola yawanci gauraya shi ake yi da zaren roba. Gashinsa gajere ne, a tsaye, ba ya kwanciya, kuma shi ne tsofaffin masu fentin ƙofofi suka daɗe suna amfani da shi da fentin mai. Yana yi da na ruwa ma, sai dai ba ya ɗaukar fenti da yawa, za ki riƙa komawa tire a kai a kai. Na uku mai fuskar karan-miski, wanda wani lokaci soso ne aka lulluɓe shi da gajeren gashi. Shi ne ya fi kusa da aikin feshi a santsi, amma siririn shafi yake yi, ta yiwu ki buƙaci shafi uku a inda maikurofaiba zai gama da biyu.

Da ni ce ke, da fentin ruwa a hannuna kuma wannan ne karo na farko, maikurofaiba mai milimita 5 zan ɗauka, inci 4. Sunan kamfani bai dame ni sosai ba. Purdy da Wooster, kamfanoni biyu na Amurka da suka daɗe a harkar burushi da rola, kayansu abin dogaro ne, amma akwai wasu da dama masu kyau, kuma gwajin salatif ba ya duba suna. Abu ɗaya dai ki kiyaye, ƙananan rololi ba duka ne ke shiga ƙarfe ɗaya ba. Yawanci a kan siririn ƙarfe mai kaurin milimita 6 ake zura su, wasu kuma, kamar Jumbo-Koter na Wooster, bututunsu ya fi faɗi, ƙarfensu daban ne. Ki saye su tare, ki gwada a wurin. Ki kuma juya rigar da yatsa ki ga tana zagayawa ba tare da tirjiya ba. Rolar da ke cijewa jan fenti take yi a ƙasa maimakon ta mirgina, ko da rigar zinariya aka sa mata.

Ina masu arahar ke da amfani? A shafin farko, wato firaima. Dalili biyu ne. Na ɗaya, za ki bi shi da samfefa kafin fentin gaske ya hau, don haka ɗan ƙurji ko ɗan gashi zai tafi. Na biyu, wasu firaimomin kashe rola suke yi. Mai shalak, wato wani irin ƙaro da ake samu daga wasu ƙwari, irin Zinsser B-I-N, wanda ake so saboda yana kama fuska mai santsi yana kuma toshe tabon maiƙo da jinin katako, wato ruwan jikin katako da ke ɓullowa ta cikin fenti, a cikin sinadarin alkohol aka narka shi. Yana bushewa da sauri har ana iya sake shafawa bayan minti 45, ruwa ba ya wanke shi, kuma wahalar wanke rolar ta fi kuɗinta. Asara ce a tsoma mai tsada a ciki. Ki sa mai matsakaicin kuɗi mai gajeren gashi, ki gama ki jefar. Amma ban ce ki sa wadda ta faɗi gwajin salatif ba, don tsince gashi daga firaima mai saurin bushewa aiki ne mai cin rai. Soso mai araha kuma ki nisanta shi da duk abin da ake tsinka shi da tina mai ƙarfi, yakan kumbura ya yi laushi ya rabu da bututunsa. Cikin kabad da ƙasan kantoci da saman da ba mai gani sai ya hau tsani, duk masu araha sun wadatar.

Idan kika yi lissafi za ki ga rola tana cikin mafi ƙanƙantar abubuwan da za ki kashe wa kuɗi a aikin nan. Fentin ya fi ta, firaima ya fi ta, ranakun da kicin ɗinki zai yi a hargitse sun fi su duka. Lita ɗaya ta fenti takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, kuma kowane ɗigo ta jikin wannan 'yar rigar zai bi kafin ya isa katako. Ƙofa ɗaya da ta ɓaci kika goge ta kika sake, ta cinye rangwamen da kika samu.

Kada kuma in bar ki da tunanin cewa rola ce kaɗai ke kawo santsi. Rola shimfiɗa fenti take yi, shi fentin ne ke kwanciya da kansa ya shafe sawunta, idan ya sami lokaci. Fentin bango ba ya yin haka, kuma ba ya yin taurin da kabad ke buƙata, don haka ki sake duba gwangwaninki ki tabbatar an rubuta na katako ne, na ƙofofi ko na kabad. Akwai wani jinsi da ake kira alkid na ruwa, ana wanke kayansa da ruwa amma yana kwanciya irin ta fentin mai. Advance na kamfanin Benjamin Moore misali ne, kuma saboda jinkirin bushewarsa sai an jira awa 16 kafin shafi na biyu. Wannan jinkirin shi ne sirrin santsinsa. Yanayi ma yana da hannu. Yawancin fenti sun fi jin daɗi tsakanin digiri 10 da 30 a ma'aunin Salshiyas. A zafi mai tsanani, ko busasshiyar iska, ko ƙarƙashin fanka, fuskar fentin tana kamewa kafin ya kwanta, sai ki ga ƙuraje ko da rolar ta fi kowacce kyau. Ki yi aikin da sanyin safiya, a inuwa, ki kashe fanka, ki rage iskar da ke kaɗowa kai tsaye amma ki bar wurin da warin zai fita. Idan har yanzu yana saurin kamewa, akwai abin da ake ɗan zuba wa fentin ruwa don ya jinkirta, irin Floetrol, ko ɗan ruwa kaɗan, amma ki bi abin da gwangwanin ya yarda da shi, don wasu ba sa son a ƙara musu komai.

Sai hannu. Ki ciro ƙofofin, ki kwance hinji da mariƙi, ki sa wa kowace lamba, ki kwantar da su a kan tebur. Fenti a kwance ya fi samun damar bajewa, kuma ba ya zarara. Ki fara da bayan ƙofa, fuskar ita ce ƙarshe. Kafin sabuwar rola ta shiga fenti ki jiƙa ta da ruwa, ki matse, ki mirgina ta a kan tsumma mai tsabta har sai danshi kawai ya rage, busasshiyar rola ba ta shan fenti daidai. Ki tsoma ta a tire, ki yi ta mirgina ta a gangaren tiren har ko'ina ya sha kuma ba ta ɗiga. Lunguna da kwarin ado ki fara bin su da burushi, nan take ki bi filin da rola tun burushin bai bushe ba. Ki baje fentin da sauri, sannan ki yi bi na ƙarshe daga wannan baki zuwa wancan, duk ta fuska ɗaya, nauyin rolar kaɗai ba na hannunki ba, kowane layi yana ɗan hawa kan na kusa da shi. Ki saurara da kunne ma. Rola mai isasshen fenti shiru-shiru take tafiya, idan kika fara jin tana ƙara irin ta abin da ake ɓamɓarewa, ko fenti ya ƙare mata ko ya fara kamewa. Daga nan ki ɗauke hannu. Za ki ga 'yan ƙuraje a jiƙaƙƙen fentin, zuciya ta riƙa cewa ki koma ki gyara. Kada ki koma. Yawancinsu za su kwanta da kansu, wanda kika koma wa kuwa shi ne zai bushe da tabo. Siririn shafi biyu ko uku ya fi kauri ɗaya.

Abin da ke ƙarƙashin fentin ba zan tsawaita a kansa ba tunda ba shi kika tambaya ba, amma babu rolar da ke gyara shi. Kabad ɗin kicin maiƙo ne a jikinsa, musamman na kusa da murhu da kewayen mariƙi. Ki wanke da abin cire maiƙo, ki ɗauraye, ya bushe, sannan ki kashe sheƙin tsohon fentin da samfefa mai lamba 120 zuwa 150 (iya girman lambar, iya laushin samfefar). Idan fomaika ce ko wata fuska ta roba, sai da firaima mai kama santsi. Idan MDF ne tsirara, wato allon da aka yi da garin katako da aka matse da gam, bakunansa suna shan ruwa su kumbura, firaimar mai ko ta shalak ta fi dacewa da su. Katako mai buɗaɗɗen ido kuma, idanun za su fito ta cikin fenti sai an cike su tukuna. Idan kabad ɗin tsoho ne ƙwarai, ki yi hattara da ƙurar tsohon fentinsa, don fentin da can yakan ƙunshi dalma, Amurka ma sai a 1978 ta hana sa shi a gidaje.

Tsakanin shafi da shafi ki bi ƙofar a hankali da samfefa mai lamba 220, kafin na ƙarshe kuma 320, ki share ƙurar tas da tsumma mai ɗan danshi marar gashi. Da yawa daga abin da ake ɗora wa rola laifinsa, ƙura ce daga ɗakin, ko ɓawon da ya bushe a bakin gwangwani ya faɗa ciki. Ki tace fentin idan an daɗe da buɗe shi, ki kuma wanke tiren ko ki canza masa leda kowane shafi. Rolar kuwa, idan hutun awa kaɗan ne, ki naɗe ta tam a leda yadda iska ba za ta shiga ba. Idan kwana za ta yi, gara ki wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu har ruwan ya fito fari tas, ki tsayar da ita a bakinta ta bushe, kada ki kwantar da ita gashin ya danne a gefe ɗaya. Mai kyau tana jure wanki da yawa, mai kwali kuwa sau ɗaya ne. Duk da haka shafin ƙarshe na fuskokin ki ba shi sabuwa dal, wadda kika yi wa salatif kika jiƙa.

Akwai iyakar da rola ba ta wucewa, ko nawa aka saye ta. Santsin da kike gani a sababbin kabad na masana'anta aikin injin feshi ne. Da rola mai kyau da fenti mai kwanciya za ki kai kusa ƙwarai, har wanda ya tsaya a tsakiyar kicin ba zai bambance ba, amma wanda ya kawo ido kusa zai ga ɗan alama. Idan wannan ɗan alamar ma ba kya so, wasu suna bin jiƙaƙƙen fentin da bakin burushi mai laushi sau ɗaya, a hankali, bayan rola. Yana kashe kumfa da ƙuraje, yana kuma barin siririn sawun burushi, sai ki zaɓi wanda idonki ya fi ɗauka.

Tunda za ki sayi masu arahar ma, ba sai kin ɗauki maganata kawai ba. Ki ɗauki ƙofofi biyu, ki shafa bayan ɗaya da mai araha, bayan ɗayar da mai kyau, fenti ɗaya, lokaci ɗaya. Washegari ki kwantar da tocila a gefensu yadda hasken zai bi fuskar a kwance, ki kuma shafa da tafin hannu. Idan ba ki ga bambanci ba, kin yi sa'ar leda mai kyau, ki ci gaba da ita. Idan kuma gashi ya maƙale miki a shafin ƙarshe, kada ki sa farce yana jiƙe. Ki bari ya bushe sosai, ki goge wurin da lamba 320, ki sake wa fuskar ƙofar gaba ɗaya siririn shafi, don faci a fenti mai sheƙi yana nunawa. Ki bar ƙofofin kwana biyu ko uku kafin ki mayar da su, ki liƙa musu 'yan robobin nan masu hana bugu a kusurwa don kada fenti ya manne da fenti, sannan ki lallaɓa su wajen goga da wanki, saboda irin wannan fentin yakan kai kwana 30 kafin ya gama yin tauri.